Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yini Guda Bisa Keke Daga Kahu Zuwa Duwatsun Rano

Bahaushe ya ce da ɗan gari akan ci gari. Galibi in an kawo wannan karin magana, yaƙi ko siyasa ko neman aure ake nufi, amma ni a kan sirdin keke na ga tabbacinta, a wata tafiya ta yini guda da muka yi daga Kahu, cikin Ƙaramar Hukumar Kibiya, zuwa duwatsun Rano, muna biye da wani dattijo wanda bai taɓa zama a ajin boko ba. Abin da nake son in shaida wa mai karatu shi ne, sanin ƙasa irin na wannan dattijo ilimi ne cikakke, mai ƙa'idojinsa da hujjojinsa, kuma yana gab da ɓacewa ba tare da wani ya rubuta shi ko ya san darajarsa ba.

A ƙasarmu dai keke bai taɓa zama abin wasa ba. A zamanin iyayenmu, wanda ya mallaki Raleigh ko Phoenix ya shiga sahun masu rufin asiri, har masana'antar harhaɗa Raleigh aka yi a birnin Kano. Da keke malamin makaranta ke zuwa aiki, da shi ɗan koli ke cin kasuwanni, da shi ake kai mara lafiya asibiti. Da babura masu araha suka cika gari, sai keke ya koma alamar rashi, aka jingine shi a zaure yana shan ƙura. Ba a sake waiwayarsa ba sai bayan 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Kuɗin mai ya ninka, albashi kuwa yana nan inda yake, don haka da yawa daga cikinmu malamai muka kakkaɓe tsofaffin kekunanmu muka koma taka feda.

A can ƙasashen Turai da Amurka kuwa, hawan keke a kan duwatsu wasa ne da ake kashe wa kuɗi. Wasu samari ne suka fara shi a Kalifoniya cikin shekarun 1970, suna gangarowa daga tsauni bisa tsofaffin kekuna masu faɗin taya. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da keken Stumpjumper domin wannan harka, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. A tsaunukan Alps, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya, baƙo kan biya jagora ya yini da shi yana ratsa tuddai da kwaruruka da ƙauyukan makiyaya. Hoton bidiyon irin wannan tafiya wani matashin malami abokin aikinmu ya nuna mana a waya, wata rana muna zaune gindin darbejiya lokacin tara. Sai ɗaya daga cikinmu ya ce, "To, mu da muke da duwatsu a bayan gida, kuma ga kekuna dole ta sa mun gyara, me zai hana mu gwada?"

Samun jagora bai yi wuya ba, domin duk wanda muka tambaya mutum ɗaya yake nuna mana, wato wani mai faci da gyaran keke wanda ya ba shekara sittin baya. Tun yana saurayi yake ɗaukar kaya a kariyar keke yana cin kasuwannin yankin, yau barkono, gobe gyaɗa, jibi kaji a akurki, kuma ba ya bin titi sai dole, saboda hanyar daji ta fi masa kusa. Da muka je masa da maganar, ya daɗe yana dubanmu, sannan ya ce, "Malam, wato ba saye za ku yi ba, ba sayarwa ba, ba gaisuwar mutuwa ba? Wahala kawai kuke nema?" Muka yi dariya, na ce, "Baba, gani muke so mu yi." Ya ce in dai gani ne, to akwai abin gani, amma da sharaɗi.

Sharuɗɗansa huɗu ne. Na farko, kada kowa ya wuce shi, kome kyan hanya. Na biyu, in ya buga ƙararrawa sau biyu, kowa ya sauka nan take ba tare da tambaya ba. Na uku, ba a ratsa gonar mutane, ba a kuma tsinkar ko da zangarniya ɗaya. Na huɗu, duk wanda aka tarar a hanya sai an yi masa sallama, domin in wani abu ya same ka a daji, wanda ka gaisar ɗazu shi ne ɗan'uwanka. Daren tafiya ya bi kekunanmu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure birki, ya ɗiga wa sarƙa baƙin mai, ya hana ɗaya daga cikin ɗalibai zuwa da nasa keken saboda tayar baya ta suɗe, har sai da yaron ya aro na yayansa.

Ranar wata Asabar, ƙarshen watan Oktoba, muka tashi bayan sallar asuba, mu tara: malamai huɗu, ɗalibai huɗu na ajin ƙarshe da iyayensu suka amince, sai jagora. Keke ɗaya ne kawai mai giya a cikinmu, na matashin malamin nan, sauran duk irin na da ne. Guzurinmu ruwa a jarka, ƙuli-ƙuli, dabino da gurasa. Shi kuwa Baba ya ɗaura wata tsohuwar jaka a kariya, cikinta akwai famfo, sholisho, guntayen tiyub, sifana biyu da igiyar roba.

Lokacin kaka ne, an riga an girbe gero an jingine damuna, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje, mata da yara suna roron gyaɗa. Raɓa ta jiƙa mana ƙafafun wando tun kafin rana ta fito. Ba mu yi nisa ba darasi ya fara. Da muka shiga jigawa, inda yashi ke kama taya, sai ya tsayar da mu ya sa kowa ya ɗan rage iskar tayarsa, ya ce taya mai taushi tana shimfiɗuwa bisa rairayi, mai tauri kuwa nutsewa take yi. Ya ce a cikin yashi ba a murɗa kan keke, ba a kuma daina taka feda, wanda ya yi shakka shi ne ke faɗuwa. Da muka fita zuwa burji, ya sake tsayar da mu aka ƙara iska, don kada tsakuwa ta matse tiyub ta fasa shi. A burtali kuwa gefe ya sa muka bi, saboda kofaton shanu ya tattake tsakiya lokacin damina, laka ta bushe ta zama kamar haƙoran zarto.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake karanta itatuwa. Inda ya hango jerin kanya da ɗinya sun yi duhu, sai ya ce akwai ƙorama a wurin, mu shirya sauka. Inda gawo ya fara fitar da sabon ganye, alhali sauran itatuwa na shirin zubar da nasu, sai ya ce wa ɗalibai su dubi dawar da ke ƙarƙashinsa, ta fi ta nesa tsawo da kauri, domin gawo yana kaɗe ganyensa da damina ya bar wa shuka rana da taki. Wannan magana tana nan cikin littattafan aikin gona, amma yaran nan ba su taɓa ganin ta tsaye a gabansu ba sai ran nan. Kusa da wata ruga ya sa muka ɗaga kekuna a kafaɗa muka yi taku kamar hamsin, ya nuna mana tsidau shimfiɗe a ƙasa, ƙayarsa ta bushe tana jiran taya. Duk da haka sai da ɗaya ta sami wani ɗalibi. Kafin mu gama shan ruwa Baba ya cire tiyub, ya tofa yawu ya gano hujin, ya kankare, ya shafa sholisho, ya manna faci.

Hantsi ya ɗaga lokacin da abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru. Mun fito kan wata miƙaƙƙiyar hanya mai ɗan gangare, lafiyayya kamar an share. Matashin malamin nan mai keken giya, jinin ƙuruciya ya ɗebe shi, ya sa giya ya wuce jagora kamar iska. Ban taɓa jin dattijo ya daka tsawa irin ta ran nan ba. Ya buga ƙararrawa, ya ƙwala masa kira, "Kai yaro, tsaya! Faɗi gefe!" Allah ya sa ya ji, ya damƙe birki, keken ya ja shi ya zube cikin kalgo. Da muka ƙaraso sai muka ga abin da ke gabansa: taku goma kacal ya rage, hanyar ta yanke, kwazazzabo ne mai zurfin da ya fi tsayin mutum biyu, ciyawa ta rufe bakinsa. Baba ya ce shekara uku da suka wuce amalanke na bin wurin, ruwan damina ne ke cin ƙasar daga ƙasa, kowace shekara ramin yana matsowa. Babu taswirar da ta san da wannan rami, wayar da ke aljihun malamin ma hanya ta nuna masa. Mun wanke masa ƙujewar gwiwar hannu, jikin kowa ya yi sanyi. Daga nan har muka dawo babu wanda ya sake gigin wuce tayar Baba ta baya.

Mun ɗan huta a Kibiya, muka sha koko da ƙosai, muka cika jarkoki, sannan muka nufi yamma wajen Rano. Tun daga nesa duwatsun suka fara bayyana, wasu a dunƙule kamar an kife ƙwarya, wasu kuma manyan ƙwallaye ne a ɗore bisa juna, har mutum ya ce tura ɗaya za ta gangaro da su. Ba shakka ba za a haɗa su da Alps ba, inda ƙololuwar Mont Blanc ta kai wajen mita 4,800 kuma ƙanƙara ba ta barin kanta. A jihar Kano sai an dangana da Riruwai, can ƙarshen kudu, kafin a sami tsaunukan da suka haura mita 1,000. To amma wanda ya tura keke mara giya a kan falalen dutse da tsakar rana, ba zai raina tsawon dutsen Rano ba.

A aji mukan koya wa ɗalibai cewa irin waɗannan duwatsu narkakken dutse ne da ya daskare a can cikin ƙasa sama da shekara miliyan 500 da suka wuce, ruwa da iska suka yi ta kwashe ƙasar da ta lulluɓe su har suka fito fili. Mukan ce zafin rana da sanyin dare da ruwan sama suna sa fatar dutsen ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Baba bai san wannan lissafi ba, amma cewa ya yi, "Dutse ma yana saɓa kamar maciji." Ya ɗauko sifana yana ƙwanƙwasa fa kafin mu taka. Inda ya ji ƙara mai tauri sai ya ce mu bi, inda ya ji amo kamar ganga sai ya ce ƙasansa rami ne, ɓawon zai iya zamewa da mutum. Ya hana mu taka baƙin zanen da ruwa ke tsattsafowa, saboda gansakuka. Ya nuna mana tsagar da ƙudan zuma ke ciki, ya ce a wuce shiru, ya kuma gargaɗi yara kada su zura hannu a kogo, don gamsheƙa ma tana son inuwa. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya dube ni ya ce, "Malam, ashe abin da kuke faɗa a allo shi ne Baba ke ji da kunne."

Inda hawa ya gagara, muka jingine kekuna a gindin wata tsamiya, muka roƙi wani mai kiwon awaki ya duba mana, muka ƙarasa da ƙafa. Daga sama garin Rano ya shimfiɗu a gabanmu, rufin kwano na walƙiya, kukoki tsaitsaye, gonaki sun kewaye shi ta kowace fuska. A nan muka yi sallar azahar bisa fa, muka ci guzuri, hira ta koma tarihi. Na tuna wa ɗalibai cewa Rano tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini, kuma Autan Bawo ake yi wa sarkinta kirari. Na gaya musu cewa a Burumburum, kudu da nan, aka yi karon ƙarshe da Sarkin Kano Alwali wajen 1807, lokacin jihadi. Baba kuwa ya kawo nasa, wanda ya ji daga bakin kakarsa: yadda mutanen karkara kan kwashi mata da yara da hatsi su haye duwatsu in an ji labarin mahara daga Ningi, abin da tarihi ya tabbatar ya addabi kudancin Kano a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Ya miƙa hannu kudu maso yamma ya ce can Rurum take cikin nata duwatsun, bayanta kuma madatsar ruwan Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ya ce yana yaro aka yi aikin, kuma ya san mutanen da ruwa ya tashi ƙauyukansu.

Kowane dutse da muka hango yana da suna a bakinsa, haka kowace ƙorama da kowace fadama, kuma kowane suna da dalilinsa. Ɗalibai suka fito da takarda suna rubutawa, har suka cika shafi uku. Sai dai a cikin lissafin nasa akwai waɗanda yake cewa "da akwai". Da akwai rema a wancan kogo, yanzu babu. Da akwai hanya ta bayan wancan dutse, yanzu an haɗe ta cikin gona. A gefe guda kuma muna jin ƙarar guduma, masu fasa dutse suna ƙona shi da wuta suna farfasawa, tifa na jiran lodi. Ban ga laifinsu ba, abinci suke nema, gine-ginen birni kuma ba sa ƙoshi da tsakuwa. Amma dutsen da aka fasa ba ya tsirowa, sunansa ma yakan bi shi.

Saukowa ta fi hawa haɗari, kuma a nan ma sai da ya yi mana karatu. Ya ce a ja jiki baya a kan sirdi, a fara kama birkin baya, na gaba kuwa a lallaɓa shi, wanda ya damƙe shi gaba ɗaya zai tashi ta saman kan keke. Ya ce ido ya riƙa duban inda ake son zuwa, domin keke yana bin ido, mai kallon rami a rami zai ƙare. Muka gangaro ɗaya bayan ɗaya, da tazara tsakaninmu, iska na kaɗa riguna, yara na ihun murna. Ta wata hanya dabam ya komo da mu, ta gefen fadama inda ake yankan shinkafa, muka shiga Kahu ana kiran magariba, ƙafafu sun yi nauyi, fuska ta yi furu-furu da ƙura.

Da muka haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa muka miƙa masa, sai ya noƙe. Ya ce, "Haba Malam, hanya ai ta Allah ce, yaya zan sayar muku da ita?" Na ce, "Baba, ba hanya muka biya ba, shekarun da ka yi kana koyon ta muka yi wa godiya." Da ƙyar ya karɓa, ya ce ya ɗauka a matsayin goro. Na tambaye shi ko akwai wanda ya koya wa cikin 'ya'yansa. Ya ce babban yana tuƙa A Daidaita Sahu a Kano, na biyun yana Legas, ƙaramin kuwa in ba babur ba ba ya zuwa ko'ina, kuma mai babur titi ya sani.

A nan ne bambancinmu da mutanen Alps ya fito, kuma ba a tsawon dutse ko tsadar keke yake ba. Lokacin da aka fara hawa ƙololuwar Mont Blanc a 1786, mutum biyu ne suka yi: likita Michel Paccard da Jacques Balmat, wani ɗan ƙauye mai farauta da neman duwatsu masu ƙyalli. An rubuta sunan mai ilimin littafi, an kuma rubuta na ɗan gari. A 1821 jagororin garin Shamoni suka sami ƙungiyarsu, wadda har yau tana aiki. Wato sun ɗauki sanin da makiyayi da mafarauci ke da shi suka mai da shi sana'a mai daraja, ana koyar da ita, ana gadon ta, ana ci da ita. Mu kuwa mun bar namu a bakin tsofaffi, muna ce musu jahilai saboda ba su iya cike fom ba, alhali ɗalibinmu zai iya kawo sunan kogin Nilu da na Amazon a jarrabawa, amma bai san inda ƙoramar bayan gidansu ta fito ba, balle inda ta nufa.

Ba ina cewa mu jira Turawa masu yawon buɗe ido su zo da hulunan kwano ba, ba kuma ina kira a kwaikwayi wasan masu kuɗi ba. Abin da nake gani mai yiwuwa ne ƙarami ne. Kowace makarantar sakandare a yankin Rano da Kibiya da Bunkure tana iya ware yini ɗaya a zango, bayan an sanar da dagaci an kuma tabbatar da lafiyar hanya, a nemi dattijo irin wannan, a biya shi hakkinsa kamar yadda ake biyan kowane malami, a fita da yara bisa kekunan da suke zuwa makaranta da su. Su rubuta sunayen duwatsu da ƙoramu da itatuwa, su zana taswira da hannunsu, su sa alamar inda kwazazzabo ya kai a bana don a gwada da baɗi. Keke ya dace da wannan aiki, domin ya fi ƙafa cin nisa, kuma bai kai mota saurin da zai hana ido gani ko baki yin sallama ba. Kuɗin da za a kashe bai wuce na faci da gurasa da goron jagora ba.

Shafi ukun nan da ɗalibanmu suka rubuta suna nan a ajiye, kuma duka-duka hanya ɗaya ce daga cikin hanyoyin da ke kan dattijon. Ya yi mana alkawarin kai mu Rurum in sanyi ya wuce, amma ya faɗa mana da bakinsa cewa gwiwoyinsa sun fara ƙi, ba kowane tudu yake iya takawa ba yanzu. Akwai irinsa a Tarai, akwai a Fammar, akwai a Saji da Zurgu, akwai a garin mai karatu, suna zaune bakin kasuwa babu mai tambayarsu kome. Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana, mu kuma ya ba mu ikon zuwa gare su da takarda da alƙalami tun suna iya hawa keke su shige mana gaba.